Daga Ɗakin Haya zuwa Barandar Kasuwa: Matsalar Matsuguni da Shaye-shaye da Raunin Ƙananan Hukumomi a Birnin Kano

Abin da ake kira birnin Kano a yau ya daɗe da tsallake ganuwa, domin ya mamaye ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 da jihar take da su, wato Birni da Kewaye da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, kuma gine-ginensa suna ci gaba da cinye gonakin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da waɗannan. Ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya, ta nuna cewa Jihar Kano tana da mutum fiye da miliyan 9, kuma tun daga wancan lokaci haihuwa da ƙaura ba su tsaya ba. Rikicin Boko Haram ya koro iyalai daga Borno da Yobe, ta'asar 'yan bindiga ta koro wasu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, ga kuma 'yan ci-rani, wato manoman da ke barin ƙauye bayan girbi don neman kuɗi a birni, waɗanda da yawansu yanzu ko damina ta faɗi ba sa komawa. Dukkan waɗannan mutane suna buƙatar wurin da za su sa haƙarƙarinsu idan dare ya yi, kuma a kan wannan buƙata ne matsaloli uku da aka saba tattaunawa a rarrabe suke haɗuwa: tsadar haya da rashin matsuguni da shaye-shaye.

Saukar baƙo tsohon al'amari ne a Kano, domin gari ne na fatauci tun kafin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda aka kafa kasuwar Kurmi a mulkinsa a ƙarni na 15. A tsohon tsari, falke yana sauka ne a hannun fatoma, wato mai masaukin da ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sannan ya samu la'adarsa daga cinikin. Matafiyin da ba shi da kowa kuwa yakan kwana a soron wani attajiri ko na malami, bayan an sanar da mai unguwa zuwansa. Wannan tsari yana da gazawarsa, amma yana da wata fa'ida babba, ita ce kowane baƙo yana da wanda ya san shi kuma zai amsa tambaya a kansa. Fagge ta samo asali ne a matsayin zangon fatake a bayan ganuwa, Sabon Gari kuma aka keɓe ta a farkon mulkin Turawa domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu, kuma a irin waɗannan unguwanni ne biyan kuɗi domin ɗaki ya fara zama ruwan dare. Da masana'antu suka bunƙasa a Bompai da Sharaɗa da Challawa sai unguwannin ma'aikata suka cika da gidajen haya, da masana'antun suka fara durƙushewa daga shekarun 1980 kuma sai albashin ya tafi ya bar mutanen da hayar a kansu.

Wanda ke neman ɗaki a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Hotoro ba kasafai yake ganin mai gida da farko ba, sai dai dillali, wanda shi ne ya san inda aka tashi da inda za a tashi, kuma yana karɓar la'ada a kan kuɗin hayar, wani lokaci har da ɗan abin da za a ba shi kafin ya ɗaga ƙafa ya nuna gidan. Abin da ya fi nauyi shi ne al'adar biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, wasu masu gidaje ma sukan nemi na shekara biyu daga sabon ɗan haya. A nan ne tsarin ya yi hannun riga da rayuwar mafi yawan mazauna birnin, saboda ɗan dako da direban adaidaita-sahu da tela da mai sayar da kayan miya duk kullum suke samu kullum suke ci, ba su da wata hanya ta tara kuɗin wata goma sha biyu sai adashi ko rance ko sayar da wani abin hannu. Idan ƙarshen shekarar haya ya matso, a gidaje da dama kayan ɗakin matar gida ne ke fara tafiya, daga 'yan kunne da firiji har zuwa keken ɗinkin da take ɗan samun na sabulu da shi, wato ana sayar da abin da ke kawo kuɗi domin a biya wurin kwana.

Abin da ake samu bayan wannan wahala shi ma ya cancanci a dube shi da kyau. Gidan haya na talaka yawanci dogon tsakar gida ne mai ɗakuna a jere dama da hagu, kowane ɗaki iyali guda, a ƙofarsa murhu ko kurfoti da bokitai da igiyar shanya, a can ƙurya kuma banɗaki ɗaya ko biyu da kowa ke amfani da su. Da asuba akan ga layin butoci a bakin banɗakin, kowace tana riƙe wa mai ita wuri, yara 'yan makaranta suna jira, ruwan kuma na saye ne daga 'yan ga-ruwa, tunda famfo ya daɗe da ƙafewa a unguwanni da yawa. Mai ɗan hali shi ne ke kama ciki da falo. A ɗaki guda da miji da mata da 'ya'ya biyar ko shida suke kwana, da zarar yaro namiji ya fara tasawa babu makawa sai ya fita, domin kunya da addini ba su yarda ya ci gaba da kwana tare da iyayensa da ƙannensa mata ba. Yakan koma soro idan gidan yana da shi, ko shagon abokai a bakin titi, ko wani kango, kuma daga wannan dare iyayensa sun daina sanin lokacin da yake kwanciya da waɗanda yake kwana tare da su. Wannan fita ta yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu daga ɗakin iyayensa tana cikin abubuwan da aka fi yin sakaci da su idan ana maganar tarbiyya, alhali ƙuncin muhalli ne ke haddasa ta.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira da ya biyo baya a watan Yuni, sun ƙara dagula lamarin, domin hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma siminti da rodi da kwanon rufi duk sun yi tashin gwauron zabo. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Jihar Kano kuma ta amince da 71,000, amma wannan ƙari ya shafi masu albashi ne kawai, waɗanda su ne 'yan tsiraru. Adalci ne a faɗi cewa ba kowane mai gidan haya ne attajiri ba; da yawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a gini, ko matan da mazajensu suka rasu, ko magada da ke raba abin da gidan ya kawo, kuma su ma hayar ce abincinsu. Suna neman kuɗin shekara ne saboda tsoron ɗan hayan da zai daina biya ya kuma ƙi tashi, suna ƙara kuɗi ne saboda abin da suka karɓa bara ba ya sayen abin da ya saya. Mai gida da ɗan haya kowa yana kare kansa daga ɗan'uwansa, saboda babu wata hukuma a tsakaninsu da dukansu suka amince da ita.

Dokoki suna nan a rubuce. A ƙarƙashin dokokin karɓe gida da ake aiki da su a yawancin jihohin Najeriya, ɗan hayan shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, na wata-wata kuma wata guda, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Fiƙihun Malikiyya ma ya yi bayanin ijara, wato ƙulla yarjejeniyar amfani da abu na wani lokaci sananne a kan lada sananne, tare da sharuɗɗan da ke kare ɓangarorin biyu. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ko da yake abin da ya faru a can ya nuna cewa doka ba ta hana mai neman ɗaki ido rufe biyan abin da aka yanka masa. A Kano galibin hayar talakawa da baki ake ƙulla ta, shaidarta ba ta wuce rasit ko dillalin da ya haɗa ba, kuma mutumin da bai iya biyan haya ba da wuya ya iya ɗaukar lauya. Akwai kuma waɗanda ko da kuɗi a hannu ake juya musu baya, musamman bazawara mai 'ya'ya da saurayi marar aure, saboda zargin da ake yi musu tun kafin su aikata komai.

Mafitar da talaka ya samar wa kansa ita ce awon igiya, wato filayen da masu gonaki a gefen gari suke yankawa su sayar ba tare da taswirar hukuma ba, sunan kuma ya samo asali ne daga igiyar da ake auna su da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon bayar da takardar shaidar mallaka a yankunan birni, ta bar wa ƙananan hukumomi filayen karkara kawai, amma filayen da gwamnati ke tsarawa ba su taɓa isar masu nema ba, kuma sukan ƙare a hannun masu hanya. Don haka unguwanni masu ɗimbin jama'a suka tashi da lunguna da mota ba ta shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko na asibiti, har kududdufan da a da suke tare ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai, abin da ya sa ambaliya da rushewar gidaje suka zama labarin kowace damina. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, manyan ayyuka ne, sai dai farashinsu ya fi ƙarfin mai ɗaki ɗaya, haka nan Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ke cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, an tsara shi ne domin mai takardar albashi.

Rashin matsuguni a ƙasar Hausa abu ne mai ɓuya, domin zumunci yana rufe shi. Iyalin da aka tasa daga haya sukan watse a cikin dangi, matar ta koma gidan iyayenta da ƙananan yara, mijin ya riƙa kwana a shago ko a gareji, manyan yaran kuma a rarraba su, kuma babu wanda zai kira su marasa gida ko da yake gidan ya riga ya rushe. Waɗanda ake gani a fili su ne waɗanda ba su da dangin da za su raɓa. Bayan an rufe kasuwannin Sabon Gari da Kantin Kwari da Singa, barandun shaguna da ke kewaye da su sukan cika da masu kwana, kowa ya shimfiɗa kwali ko buhu, ya yi matashin kai da takalmansa ko da ƙullin kayansa saboda ɓarayi, wasu ma sai sun ba mai gadi wani abu kafin ya bar su su kwanta. Haka abin yake a tashoshin mota da harabar masallatai da ƙarƙashin gadojin sama. Kafin kiran assalatu sun naɗe shimfiɗa, sun biya kuɗi a gidan wanka, sun kama turin baro ko dako ko jari-bola, ta yadda mai wucewa da hantsi ba zai ga alamar an kwana a wurin ba. A lokacin hunturu kuwa, sa'ad da sanyi ke ratsa bargo, wannan kwana yakan kai tsofaffi da marasa lafiya ga halaka.

Almajirai wani rukuni ne na daban, saboda suna da malami da makaranta, amma da yawansu makwancinsu soro ne da ya cika maƙil ko rumfar da ba ta tare ruwa. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta haramta bara a titunan jihar, da annobar korona ta shigo kuma gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali a cikin motoci. Ba a ɗauki lokaci mai tsawo ba yaran suka sake cika tituna, domin talaucin da ya fito da su daga ƙauyukansu yana nan yadda yake. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma tambayar inda yaro zai kwana a daren yau tambaya ce ta unguwa, wadda ofishin da ke Abuja ba zai iya amsawa ba.

A wannan gaɓa ce shaye-shaye ke shigowa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda ya shafi shekarar 2017, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, fiye da mutum miliyan guda. Kayan mayen sun haɗa da tabar wiwi, da tiramol, wanda asalinsa maganin kashe zafin ciwo ne, da maganin tari mai sinadarin kodin, da ƙwayoyin sa barci irin su roci, da sholisho, wato gam ɗin facin taya da ake zuƙa. Ba daidai ba ne a ce talauci kaɗai ke jawo shaye-shaye, tunda ya shiga gidajen masu hali da ɗakunan matan aure, amma ga wanda ke kwana a waje ƙwaya tana da aikin da take yi masa: tiramol yana ba ɗan dako ƙarfin ɗaukar kayan da jikinsa ba zai iya ba, sholisho yana kashe wa yaro yunwa da sanyi da tsoro. Kangayen da masu su suka bari shekara da shekaru ba a ƙarasa ba sun zama matattara, daga nan kuma hanya gajeriya ce zuwa daba da ƙwacen waya.

Bayan da sashen binciken BBC ya fitar da rahotonsa kan cinikin kodin a ƙarshen Afrilun 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a ranar 1 ga Mayu, mataki mai kyau wanda ya rage samuwarsa a kemis-kemis, amma ya tsauwala farashinsa a ɓoye ya kuma tura wasu ga abin da ya fi araha. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989 kuma Buba Marwa yake shugabanta tun 2021, tana kama dillalai da tarin kaya, Hisba da 'yan sanda su ma suna kai samame. Inda aka gaza shi ne magani. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da cibiyar gyaran hali ta Kiru da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba za su iya ɗaukar duk masu buƙata ba, shi ya sa iyaye suka daɗe suna kai 'ya'yansu gidan mari, wato wurin da ake tsare kangararru a ɗaure da sasari da sunan gyaran hali. Samamen da aka kai irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da wanda ya biyo baya a Daura, sun tona irin azabar da ake yi a ciki, aka rufe da yawa daga cikinsu. Rufewar ta dace, amma ba a gina abin da zai maye gurbinsu ba, kuma saurayin da aka sallamo daga asibiti ko daga gidan yari, idan gidansu ɗaki ɗaya ne, kangon da ya baro shi ne ke jiransa.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya karanta shi da waɗannan matsaloli a zuciya zai yi mamakin yadda ya dace da su. A ciki akwai kafawa da kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje domin karɓar haraji, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Gyaran da aka yi wa tsarin a 1976, wanda ya maye gurbin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta tun zamanin Turawa, ya yi nufin kawo gwamnati kusa da jama'a. Abin da ya faru a aikace shi ne kason ƙananan hukumomi, wanda ya kai kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, gwamnoni kuma suka saba rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. A birnin Kano tsara gari yana hannun hukumar jiha ta KNUPDA, shara tana hannun hukumar jiha ta REMASAB, gidajen gajiyayyu irin na Shahuci su ma jiha ce ke riƙe da su, har sakatariyar ƙaramar hukuma ta koma wurin biyan albashi da karɓar takardar shaidar zama ɗan asali.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36, inda ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce shugabancin kantomomi ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, a Kano aka yi shi a ranar 26 ga Oktoban wannan shekara, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin, NNPP, ta lashe dukkan kujeru 44, kamar yadda jam'iyyu masu mulki suka yi a kusan kowace jiha. Shugaban da ya san cewa gwamna ne ya ɗora shi a kujera, ga gwamna zai riƙa waiwaye, ko da kuɗin ya shigo asusunsa kai tsaye, kuma wannan ne ya sa hukuncin, duk da muhimmancinsa, bai isa shi kaɗai ya sauya halin da ɗan haya yake ciki ba.

Duk da haka akwai ayyuka da ba su buƙatar biliyoyi. Masu unguwanni da dagatai har yanzu su ne suka san gidan da ake haya a cikinsa da kangon da ake taruwa da iyalin da aka tasa, amma wannan sani yana cikin kawunansu ne, ba a rubuce ba. Ƙaramar hukumar da ta sa wa gidaje lamba, ta buɗe rajistar gidajen haya da dillalai, ta samar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa wadda za a sa wa hannu a gaban mai unguwa, za ta rage tsoron da ke sa mai gida neman kuɗin shekara biyu, za ta kuma samu hujjar tilasta wa masu kangaye su katange su ko su ƙarasa su. Ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin shiga daga kasuwa ko tasha tana iya ware wani abu daga ciki ta gina ɗakin kwana mai banɗaki da ruwa, inda ɗan dako zai biya kaɗan ya kwana a ƙarƙashin rufi, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya da zai riƙa ganin masu fama da ƙwaya kafin lamarinsu ya kai ga Dawanau. Tunda mutum yakan kwana a Ungogo ya yi aiki a Fagge, ya kuma sayi ƙwayarsa a Dala ko Nasarawa, irin wannan rajista da irin waɗannan ɗakuna za su yi aiki ne kawai idan ƙananan hukumomin birnin guda takwas suka tsara su tare, a kan takarda iri ɗaya da farashi iri ɗaya.